Yayana zai sake fitowa takarar majalisar jiha karo na huɗu, ya zan yi in taka masa birki?

Salamu alaikum yan uwa, admin dan Allah a ɓoye sunana. Ni ne nake tsare wa yayana shago a Kantin Kwari, atamfa da shadda da leshi muke sayarwa, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu shi ya yi min aure, to kunga ba mutumin da zan kalli idonsa in ce masa a'a bane. Matsalar ita ce siyasa. 2015 ya nemi kujerar majalisar jiha ta ƙaramar hukumarmu ya faɗi tun a zaɓen fidda gwani, 2019 manya suka kira shi suka ce ya janye wa wani za a saka masa da muƙami, har yau shiru kake ji. 2023 ya koma wata ƙaramar jam'iyya ya samu tikiti, lokacin nan ana wahalar takardun kuɗi saboda canjin naira amma haka muka riƙa kwasar atamfa turmi turmi daga sito ana rabawa mata unguwa unguwa, ni da hannuna nake loda wa a mota ina rubutawa a littafin bashi da sunansa. Ranar 18 ga Maris aka yi zaɓe, akwatin ƙofar gidansa kaɗai muka ci.

Da shaguna uku muke da su yanzu saura ɗaya, kuma masu ba mu kaya bashi sun fara ja baya. Jiya da daddare na je gidan na tarar da yaran nan sun cika zaure ana ta honorabul sai ka yi, an kawo samfurin fosta na 2027 yana zaɓar hoton da hularsa ta fi zama. Wlh ban iya cin abinci ba. Ya zan ɓullo masa ba tare da ya ga kamar baƙin ciki nake masa ba?

Baban Ummi: Malam ka bar bawan Allah ya gwada sa'arsa, mulki na Allah ne. Buhari ma sau uku yana faɗuwa 2003, 2007, 2011 sai a na huɗu ya ci a 2015. Kai dai ka taya shi da addu'a.

Dan Fagge: Baban Ummi haba dai. Buhari duk faɗuwar da yake yi miliyoyin ƙuri'u yake kwasa a arewa, wannan kuma ƙaninsa da bakinsa ya ce akwati ɗaya suka ci. Ina haɗin kifi da kaska.

Tsohon ejan: Ɗan uwa na yi wannan harkar shekaru, bari in gaya maka abin da yaran zauren nan baza su taɓa gaya masa ba. Kujerar majalisar jiha ba a kasuwa ake cinta ba, a mazaɓa ake cinta, wa ke riƙe da shugabannin jam'iyya na mazaɓu, wa daliget (wakilan jam'iyya masu zaɓen fidda gwani) suke jin maganarsa, kuma uwa uba wa mai girma gwamna ko jagoran jam'iyya yake so. In babu wannan to kuɗin ka kawai ake ci. Daliget zai karɓi naka ya karɓi na abokin takararka ya rantse muku ku duka, ranar zaɓe ya bi umarnin sama. Fom kaɗai a 2022 APC miliyan 2 ta sayar na majalisar jiha, PDP dubu 600, kuma wannan shine mafi arha a cikin hidimar, dokar zaɓe ta 2022 ma miliyan 30 ta yanke a matsayin iyakar abin da ɗan takarar wannan kujera zai kashe, kai ka san abin da kuka kashe ai. Ga kuɗin ejan na kowace akwati, ga sojojin baka a rediyo, ga masu zuwa da katin asibiti da na suna kullum da safe. Ka tambaye shi tambaya ɗaya tak, cikin mazaɓun ƙaramar hukumarku guda nawa ne shugabanninsu za su ɗaga wayarsa da tsakar dare? In ya fara lissafi ya tsaya a biyu to ya samu amsa da kansa.

Maman Hanif: Ni dai shawarata kar ka tunkare shi kai kaɗai, ƙani baya yiwa wa faɗa ko da gaskiyarsa. In Hajiyarku na raye ka ɗauki littafin bashin nan ka kai mata ta gani da idonta, in kuma babu ka nemi kawu ko amininsa na kasuwa wanda yake jin nauyi. Mijin yayata haka ya yi ta yi har gidan da suke ciki ya tafi, yanzu haya suke a Rijiyar Zaki kuma ko ɗaya cikin masu ce masa honorabul baya leƙo su.

Abu Sadiq: Hana shi ba zai yiwu ba, wanda siyasa ta shiga jininsa sai dai a rage ɓarna. Ku zauna da shaidu a ware jarin shago daban a rubuce, a yanke masa abin da zai iya taɓawa, in ya ƙare ya ƙare. Kuma kai ma ka nemi ya sallame ka ko ya ware maka kasonka tun yanzu, kana da iyali fa. Sannan me zai hana ya nemi kansila tukunna, ko ya goyi bayan wani mai ƙarfi a dama da shi?

Dan Fagge: Kansila kuma? Alhajin Kwari da ya sha honorabul shekara goma, ai sai ya ce an zage shi lol

Mai tambaya: Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Hajiya na nan da ranta, amma gsky ita ma tana cikin masu cewa wani malami ya gaya mata wannan karon nasa ne, shi yasa ban fara ta wajenta ba. Akwai dai wani dattijo maƙwabcin shagonmu da suka taso tare tun suna yaran shago, gobe in Allah ya kaimu bayan azahar zan same shi da littafin. Tsohon ejan dan Allah duba inbox, akwai maganar muƙamin 2019 ɗin nan da nake so in tambaye ka.