Abin da aka tattauna kan haɗurran gaɓar teku da takardar hafsan jirgin ruwa

Jama'a, zancen da aka yi kan haɗurran tuƙin jirgi a gaɓar tekun Najeriya da yadda ake samun takardar shaidar hafsan jirgi ya yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kowa ya yarda bakin kogi ya fi tsakiyar teku haɗari. Yashi yana taruwa a mashigar kogin Escravos da ke jihar Delta, zurfin da taswira ta nuna bara ba lallai ya zama na bana ba. A jira ruwa ya cika, a bar na'urar auna zurfi a kunne, a ɗauki matuƙin tashar, wato ƙwararren da ya san hanyar ruwan wurin.

2. Hazon hunturu yana rufe ido, ga kwale-kwalen masunta marasa fitila da na'urar hango jirage (radar) ba ta cika kama su ba. A rage gudu, a tsayar da mutum a goshin jirgi.

3. Jiragen da suka nitse a kewayen Legas: a riƙa gyara taswira da sabbin sanarwa.

4. A Najeriya NIMASA, hukumar kula da sufurin ruwa, ke ba da takardar hafsa, bisa STCW, yarjejeniyar duniya ta 1978 kan horar da ma'aikatan jirgin ruwa, da gyaran da aka yi mata a birnin Manila a 2010. Ƙaramin hafsa sai ya cika shekara 18, ya yi wata 12 a teku cikin horon da aka amince da shi, in ba haka ba wata 36. Ana sabunta takardar duk shekara biyar.

5. A nan aka rabu. Wasu sun ce a karɓi takardar tuƙi kusa da gaɓa a fara cin abinci, wasu sun ce tana ɗaure mutum, gara a daure a nemi mara iyaka. Ni dai ina bayan na farko, domin gurbin horo a teku ya yi wuya tun da aka rushe kamfanin jiragen ruwa na ƙasa a 1995. Ɗaliban makarantar koyon aikin jirgin ruwa ta Oron da yawa suna gama aji su zauna jiran jirgi.