Tsohon ginin ƙasa a tsakiyar damina: yaushe ya kamata a bar ɗaki?

Bazazzagiya:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sani a kan gidan iyayenmu da ke cikin birnin Zariya, wanda ginin ƙasa ne na gado mai rufin soro. Tun saukar damina bangon ɗakin mahaifiyarmu ya tsage daga sama, gindinsa kuma kullum a jiƙe yake saboda kwatar da ke bayansa ta cushe. Yayyena sun ce a dakata sai kaka a yi gyara gaba ɗaya, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya, domin ruwan Agusta yana gaba. Wace alama ce ke nuna cewa ɗaki ya daina kwanuwa?

Tsohon Magini:
Wa alaikumus salam. 'Yata, jiƙewar gindin nan ta fi tsagewar tayar mini da hankali, domin idan ƙasan bango ya sha ruwa ya yi laushi, ba ya iya ɗaukar nauyin azara da ƙasar da ke kanta, kuma sau da yawa da daddare ake rasa rai, mutane suna barci. Ki sa a yaɓa laka a kan tsagewar a wuri biyu ko uku. Idan bayan ta bushe ta sake darewa a daidai wurin, to bangon yana tafiya ne. Haka nan idan ƙofa ta fara cijewa, ko bango ya yi ciki, ko ƙasa tana zubowa daga tsakanin azara, a kwashe kaya a ranar, kada a jira gobe.

Kada kowa ya ƙara ƙasa a kan soron yanzu, nauyi kawai zai ƙara masa. A share indararo, a rufa saman da tamfol, a tokare azarar daga ciki, a kuma haƙa wa ruwa hanya nesa da bangon. Shafen siminti da ake yi wa ginin ƙasa ma yana ruɗin mutane, domin yana ɓoye ɓarna, danshi kuma yana ci daga ciki. Mu mutanen Zazzau ba mu manta da Agustan 2023 ba, lokacin da wani sashe na Babban Masallacin Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta a kan masu sallar La'asar, bayan an riga an ga tsagewa a bangonsa. Allah Ya jiƙansu da rahama. Yayyenki su yi haƙuri, gyara yana iya jiran kaka, amma batun fitar da Hajiya daga ɗakin nan bai kamata ya jira ba.

Malama daga Tudun Wada:
Baba ya gama magana a kan bango, sai dai kwatar nan ba aikin gida ɗaya ba ne. Ku sami mai unguwa a sa ranar gayya, domin idan kun yashe taku ta maƙwabta tana cike da leda, ruwan da ya kamata ya gangara ya tafi zai dawo muku. Ku kula da rijiya kuma, musamman idan tana kusa da masai, saboda bayan ruwa ya kwanta ne amai da gudawa ke ɓulla. A riƙa tafasa ruwan sha, kuma idan cutar ta kama wani, a dama ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, a ba shi yana sha a hanyar asibiti. Takardun gida da na makaranta a ƙulle su cikin leda a ajiye a sama, a kuma riƙa sauraron hasashen yanayi na hukumar NiMet a rediyo.

Ɗan Samaru:
Yaya, abin da zai fi ba ki wahala shi ne shawo kan Hajiya, domin iyayenmu ba sa son barin ɗakin da suka yi shekaru a cikinsa. Ki nemi wanda take jin nauyinsa, kawunku ko limamin unguwa, ya roƙe ta ta koma wani ɗakin zuwa ɗaukewar ruwa.

Bazazzagiya:
Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa babban yayanmu amsar Baba, ya amince a mayar da Hajiya ɗakin kwano yau da yamma, kuma zai ga mai unguwa bayan sallar Isha'i.