Tambaya a kan kalmar mutunci da inda ta rabu da girma da daraja

Ɗalibi, Rafindaɗi, Katsina

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga malamai da iyayenmu a kan kalmar mutunci, domin na lura tana da fuska biyu a bakin jama'a. Idan aka ce wane yana da mutunci, wani lokaci ana nufin mutane suna ganin ƙimarsa, wani lokaci kuma ana nufin shi ne yake ganin ƙimar mutane. Haka kuma ina jin dattawan unguwarmu suna cewa mutum yana iya samun girma ya rasa mutunci. Wace ce ainihin ma'anar, kuma a ina ta rabu da girma da daraja?

Tsohon malamin Hausa, Daura

Wa'alaikumus salam, ɗana. Ma'anonin nan biyu da ka gani duk daidai suke, kuma a ganina ba sa rabuwa. Kalmar ta fito ne daga mutum, kamar yadda zumunci ya fito daga zumu, saboda haka asalinta shi ne a ɗauki ɗan Adam a matsayin mutum, shi ma ya riƙe kansa a matsayin. Daga nan aka sami mutuntawa da mutuntaka. Daraja da martaba da ƙima kuwa daga Larabci muka aro su, kuma sun fi karkata ga matsayi.

Girma yana zuwa da shekaru, ko sarauta, ko dukiya, ko ilimi, kuma ana iya naɗa wa mutum rawani yau ya wayi gari da shi gobe. Mutunci ba a naɗa shi. Dubi wanzamin unguwa ko mai gyaran takalmi a bakin kasuwa, wanda ba a taɓa jin ya ci amanar kowa ba, ba ya roƙo, ba ya ɗaga murya a gaban na gaba da shi. Idan aka zo neman auren 'yarsa, masu bincike za su koma su ce gidan mutunci ne, alhali kuwa ba shi da ko keke. Shi ya sa Bahaushe ya ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa.

Baturen nan Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya lissafa halaye goma, ya sa mutunci a jere da gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, hikima da adalci. Ni dai ina ganin kunya ce ta fi kusa da shi, kuma ku Katsinawa kun fi kowa sanin haka, tunda kirarinku ke nan: kunya gare ku ba dai tsoro ba.

Mai sana'ar ɗinki, Ƙofar Marusa

Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ina so in ƙara da yadda muke amfani da kalmar a cikin hulɗa, domin a nan ne ta fi yawo. Idan na ce akwai mutunci tsakanina da mai shagon yadin da nake sayayya a wurinsa, ina nufin zai ba ni kaya ba tare da rubutu ko shaida ba, ni kuma ba zan bari ya aiko yaro ƙofar gidana neman kuɗinsa ba. Ranar da ya tsaya a ƙofar gida yana kiran sunana da adadin bashin a gaban maƙwabta, ya ci mutuncina. Ranar da na fara ɓuya ina sa yara su ce ba na nan, ni na zubar da shi da hannuna. Ko aure ne ya ƙi daɗi, iyaye sukan roƙi a yi rabuwar mutunci, wato kowa ya rufa wa ɗan'uwansa asiri saboda 'ya'ya.

Abin da yake damuna shi ne yadda wasu suka taƙaita kalmar a kan 'ya mace kaɗai, ga shigarta da fitarta. Tabbas kamun kai yana ciki, amma namijin da yake tona asirin matarsa a majalisa, ko yake yaɗa hoton wata a waya, shi ma nasa ya zubar tun kafin ya taɓa nata.

Mai karatun shari'a, Unguwar Alƙali

Hajiya ta taɓo wuri mai muhimmanci. A huɗubar ban kwana, shekara ta 10 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) ya haramta wa Musulmi jinin junansu da dukiyarsu da irilinsu, kuma malamanmu da mutunci suke fassara na ukun a wurin karatu. Wannan ne dalilin tsananta hukuncin ƙazafi har bulala 80 a Suratun Nur, da haramta giba a Suratul Hujurat. Sashe na 34 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ma ya tanadi kare mutuncin ɗan Adam, inda ya hana azabtarwa da bautarwa.

Saboda haka ina da ɗan gyara ga maganar Malam, tare da girmamawa. Akwai mutuncin da mutum yake tarawa da halinsa, wanda yake iya zubewa, akwai kuma wanda aka haife shi da shi, wanda ko ɓarawo aka kama ba a yarda a tuɓe shi a zagaya da shi kasuwa ba. Na biyun nan ne samarinmu suke mantawa da shi idan ɗayansu ya buga ƙirji a wurin faɗa ya ce, "Ni fa ba ni da mutunci." Yana nufin ba zai raga wa kowa ba, babba ko yaro, kuma abin takaici ne a ji yaro yana alfahari da kalmar da kakansa zai kwana bai yi barci ba idan aka jefe shi da ita.