Iyaye sun ƙi barin yara zuwa bakin teku, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malami ne a wata sakandare a ƙauye kusa da Ringim. Tun zangon farko muke shirin kai ɗalibai 18 Badagry a jihar Legas, kwana huɗu. Da safe su taya masunta kwashe robobi da ledoji a bakin teku, da yamma a tsallaka da kwalekwale zuwa Gberefu, inda aka riƙa fitar da bayi, su kuma ga tsohon benen da 'yan mishan suka gina a cikin garin Badagry a 1845.

Kuɗin mota mun kusa haɗawa. Inda gizo ke saƙa, iyaye ne. Jiya wani dattijo, carbi a hannu, ya ce min, "Malam, yaron nan ko kududdufin bayan gari na hana shi, kai teku za ka kai shi?" Bakina ya mutu, don uku kaɗai suka iya iyo, a kogin Haɗeja suka koya. Ni kaina ban iya ba.

Wanda ya taɓa zuwa, masu kwalekwalen suna ba da rigar da ke hana nutsewa? Ko mu haƙura da hawa ruwan? Kuma wa zan fara samu, mai gari ko liman?