Tiyatar jijiyoyin jini: mai son koyarwa da bincike zai iya yin ta daga Sakkwato?

Ɗan Runjin Sambo:
Assalamu alaikum manyanmu. Ina aji biyar a kwalejin likitanci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Raina ya kwanta da tiyatar jijiyoyin jini, kuma so nake in zauna a jami'a ina koyarwa ina bincike. Abokaina sun ce wannan fanni na Turai da Amurka ne, inda kayan aiki suke. Wace hanya ake bi, kuma me mutum zai bincika a nan?

Likita daga Arkilla:
Wa alaikumus salam ƙanena. Bayan shekara 6 ta karatu akwai shekarar horon asibiti da bautar ƙasa, sai jarrabawar share fage ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, ko ta kwalejin ƙasa ta horar da ƙwararrun likitoci da ke Ijanikin a Legas. Ka fara da tiyata gaba ɗaya, ka ci jarrabawar mataki na ɗaya, sannan ka zaɓi fanni. A Najeriya galibi jijiyoyin jini suna haɗe da tiyatar zuciya da ƙirji, shi ya sa wasu ke ƙaro horo a Indiya ko Afirka ta Kudu.

Abokanka babbar jijiyar ciki suke tunani, wadda idan ta kumbura ta kai santimita 5.5 ake gyarawa. Tun da Juan Parodi ya zura mata bututu ta matsematsi a Ajantina a 1990, aikin ya koma na na'urori masu tsada, wannan gaskiya ne. Amma tushen fannin allura ce da zare. A kan ɗinkin jijiya Alexis Carrel ya samu kyautar Nobel a 1912. Ga mutum an kawo daga Isa ko Sabon Birni, harsashi ya tsinke jijiyar bayan gwiwa. Idan jini ya yanke wa ƙafa fiye da awa 6, nama ya fara mutuwa. Sai ka ciro jijiyar da ke mayar da jini zuciya daga ɗayar ƙafar, ka juya ta kai ƙasa don kada ƙofofin cikinta su tare jini, ka ɗinka da zare siriri kamar gashi. Ka saki matsin da ka tare jini da shi, ƙafar da ta yi sanyi ta soma ɗumi, ka sa yatsa a bayan idon sawu ka ji bugu ya dawo. Wallahi ban san abin da ya kai wannan daɗi a aikinmu ba.

Nas mai wankin ƙoda:
Ɗana, don Allah ka riƙe wanga buri. Mu munka san zahin rashinku. Majinyaci shina wanki da bututu a wuya wata da watanni, ƙwayoyin cuta su shiga, zazzaɓi ya kada shi. Maganin shi ne a haɗa mai jijiya biyu a wuyan hannu, dabarar da Brescia da Cimino sunka hito da ita tun 1966. Sai an jira mako 6 ko hiye ta nuna, wato ta yi ƙwari har a iya wanki da ita, in ka ɗora yatsa ka ji tana ɓari. Wasu kuwa kahin su zo an huhhuda hannun da ƙarin ruwa har jijiyar ta lalace. Nawa ke nuna cikin mutanenmu, nawa ke toshewa? Ga bincike nan.

Malamin tiyata, Gawon Nama:
Na yarda da su, sai dai kada ɗalibi ya ɗauka hannunsa kaɗai ya isa. Dole sai da jini a ajiye, da ƙwararren mai sa barci, da ɗakin tiyata a buɗe da tsakar dare. Kuma a jami'a ba yawan tiyata ke kai ka farfesa ba, takardun da ka wallafa ne.

Ni da zan zaɓa maka, ƙafar masu ciwon suga zan ce. Da abin awon hawan jini da ƙaramar na'urar sauraren bugun jini ta hannu, za ka kwatanta na idon sawu da na dantse. Idan ka raba na idon sawu da na dantse sakamakon ya gaza 0.9, jini ba ya isa ƙafa sosai. A wane mataki suke zuwa mana, kuma me ya tsayar da su a gida? Sai yaran da aka ɗaure wa karaya tamau har hannu ya yi baƙi. Masu ɗori mutane sun yarda da su, zagin su ba ya hana kowa zuwa. Zama da su a nuna musu alamun haɗari, sannan a auna ko yanke hannu ya ragu, wannan aiki ne mai daraja. Ga kuma gyambon masu sikila.

Ɗan Runjin Sambo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, ɗalibi zai iya fara awon ƙafar tun yanzu?

Malamin tiyata, Gawon Nama:
Zai iya, a ƙarƙashin malami, bayan kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti ya amince. Ka rubuta tambayarka a shafi ɗaya, ka faɗi su wa za ka auna da yadda za ka nemi yardarsu, ka kai wa malamin da ke duba aikinka na ajin ƙarshe.