In sabunta hayar shagon taifin ko in koma POS?

Abban Walida: Salamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Kabuga: kwamfuta uku, firinta ɗaya, yara biyu masu taifin. Tun da ChatGPT, manhajar nan da ke yi wa mutum rubutu tana amsa tambayoyi, ya fito a ƙarshen 2022 ɗalibai suka rage kawo rubutun hannu. A waya suke haɗa komai, su turo ta WhatsApp a fitar musu kawai. Haya za ta ƙare wata mai zuwa. In sabunta in koya wa yaran aiki da ChatGPT ɗin, ko in sallame su in koma POS?

Ɗan Kurmi: Sayi sola, Alhaji.

Malam Tafinta: Ni wannan abu ya gama da ni. Shekara bakwai ina yi wa wani kamfani na waje fassara, ana biyana a kan kowace kalma. Da shi na yi aure, da shi na kai mahaifiyata asibiti. Rana ɗaya suka ce inji zai fassara, ni in gyara, kuɗin bai kai rabi ba. Ga Hausar injin kamar ta ɗan koyo, namiji ya zama mace a tsakiyar jimla, sai na goge na sake daga farko. Da na yi magana suka daina turo aiki. Yanzu darasin yamma nake koyarwa, wallahi ban taɓa faɗa wa iyalina dalilin ba.

Maman Ilham: Allah ya musanya da alheri, Malam. Abban Walida, ChatGPT na biyan kuɗi dala 20 ne a wata.

Sadiku: Wace dala 20, Hajiya? Dubu biyar nake ba wani, mu shida a asusu ɗaya.

Maman Ilham: Ƙanena ya yi haka, sati biyu aka rufe su.

Malam Tafinta: Sadiku, kai ɗalibi ne, ba ka taɓa biyan albashin kowa ba. Bar masu iyali su yi magana.

Sadiku: Ai mu ne kwastomomin nasa, Malam.

Ɗan Kurmi: Ku tambayi ChatGPT ɗin mana, ko zai biya hayar 😂

Abban Walida: Yaran nan fa nake ji. Ɗayan maraya ne, shi ke riƙe da ƙannensa.

Maman Ilham: Ni data ce ma ta fi ci mini rai. Tun ƙarin kashi 50 na farkon 2025, kafin sati ta ƙare.

Ɗan Kurmi: Ga wuta. An sa layinmu a Band A, muna biyan kuɗin awa 20, jiya ko awa shida ba mu samu ba. Ku nawa kuke samu a Kabuga?