Musayar Waƙa: Taj Mahal, Kaya da Yawa, Yatsa Ɗaya

Mai Gurmi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Musayar wannan makon a kan Taj Mahal ce, makaɗin buluz (wani salon kiɗan baƙaƙen fata) na Amurka wanda sunansa na yanka Henry Saint Clair Fredericks. Ƙa'ida tana nan yadda take: a amsa da baiti, kowa da amsa-amonsa, kuma duk wanda ya ambaci kayan kiɗa ya faɗi yadda ake ɗaura shi da inda yake ba da matsala. Na buɗe da ƙwar biyu.

Da sunan Rabbana zan buɗe zance,
Wanda ya ba wa kunne saurarawa.

Harlem ce mahaifa, cikin New York,
1942 ce shekarar haihuwa.

Springfield ta Massachusetts ta rene shi,
Can ya yi wayo, can ya yi tasowa.

Uba mai fiyano ne, mai tsara jaz,
Daga Karebiyan tsatsonsa ke fitowa.

Uwa 'yar Karolaina ta Kudu ce,
Waƙoƙin coci take rerawa.

Yana ɗan shekara 11 uban ya rasu,
Tarakta ta kife, babu kuɓucewa.

Jita kuwa maƙwabci ya nuna masa,
Wani ɗan Karolaina ta Arewa.

Ya yi tatsar shanu a gonar madara,
A jami'a ma kiwo ya je koyowa.

1964 ya nufi Kalifoniya,
Shi da Ry Cooder suka yi haɗuwa.

Rising Sons suka sa wa ƙungiyarsu,
Columbia ta naɗi faifai, ta ƙi fitarwa.

Sai 1992 aka buɗe rumbu,
Aka ba duniya damar jiyowa.

Jita, banjo, hamonika, fiyano,
Wa zai faɗa mana sirrin haɗawa?

Baba Mai Faifai:

Mai Gurmi ɗana, ka yi shimfiɗa,
Bari in ɗora fayafayan kiɗa,
A jere, kowanne da abin da ya faɗa,
Kada mai nema ya ce bai gani ba.

1968 biyu ya saki,
Na farko sunansa ne a baki,
Jesse Ed Davis ke riƙe da aiki
Na jitar lantarki, bai yi sanyi ba.

Jesse ɗan ƙabilar Kiowa ne,
Zamiya da kwalba a yatsa kan tsirkiya gwaninta ne,
Duane Allman ɗalibin faifan ne,
Ya saurara ya koya, bai gaji ba.

1969 ya haifi tagwaye,
Giant Step da ƙungiya a kewaye,
Ɗayan shi kaɗai, kamar a ƙauye,
Banjo da jita, bai kira kowa ba.

1971 ƙaho huɗu a jere,
Tuba ake ce musu, tagulla a ƙere,
Howard Johnson na gabansu a tsare,
A dandalin Fillmore East, ba a saba ji ba.

A fim ɗin Sounder ya yi kiɗa ya fito,
1974 Mo' Roots ya ɓullo ya leƙo,
Rege na Jamaika ya je ya ɗebo,
Kalifso ma bai bar ta a baya ba.

1976 Warner ta karɓe shi,
Faifai uku, sai disko ya danne shi,
1981 Kauai ta ɓoye shi,
Tsibirin Hawai, amma bai bar kiɗa ba.

Ɗan Kwalba:

Baba, ranka ya daɗe, na ji jerinka,
Amma da sauran magana a kan gwaninka.

An ce taura biyu ba ta taunuwa,
Shi ya cusa biyar, ina haɗiyewa?

Mai kukuma a kan kukuma yake tsufa,
Mai algaita ba ya barinta a ƙofa.

Yau buluz, gobe rege, jibi Indiya,
Gata Hawai, citta Zanzibar, ina cibiya?

Jitar kwalba tana son tsirkiya a sama,
Nesa da wuya, kada ƙarfe ya kama.

Ta yatsu kuwa so take a kwantar kusa,
Hannu ɗaya ya yi biyun? A ba ni dalilinsa.

A nuna mini zaren da ya ɗinke,
In babu, ƙyallaye ne kawai a yanke.

Inna Mai Shantu:

Ni da amshi zan zo, irin namu na mata.

Ɗan Kwalba ɗana, kwantar da rai,
Zaren yana nan, guda ne sarai.
*Babban yatsa ke riƙe da gida.*

Jita tsirkiyarta shida ce,
Uku masu kauri gonar yatsan ce.
Ya taɓa ta shida, ya koma ta huɗu,
Bugu huɗu a zagaye, ba ya gudu.
*Babban yatsa ke riƙe da gida.*

Manuni da na tsakiya su ke waƙa,
A kan sirara uku suke saƙa.
Ga inda mai koyo ke faɗuwa:
Manuni na shiga, babba na tsayawa.
Magani a ware babban shi kaɗai,
Kwana bakwai yana taku daidai,
Sannan a tsunkuli biyu lokaci guda,
A bugun farko kawai, kafin a daɗa.
*Babban yatsa ke riƙe da gida.*

Gefen tafi ya kwanta dab da jaki,
In ya matsa gaba, ya kashe aiki.

Ga ɗaurin G, a sassauta uku,
Ta shida, ta biyar, ta ɗaya, ga naku:
D, G, D, G, B, D daga mai kauri,
Bugu ɗaya ba dannawa, sauti a tsari.

Ɗauko banjo ka duba dogayen huɗu,
D, G, B, D ne, nan suka haɗu.
Ta biyar gajera, a mataki na biyar na ƙarafan wuya ta tsaya,
G take faɗi kullum, ba ta sauya murya.
Wa ke taɓa ta? Ka san amsa,
Wanda na ambata, babu kamarsa.
*Babban yatsa ke riƙe da gida.*

A fiyano hagu ce ke ɗaukar nauyi,
Dama ta yi ado, aikin ɗaya ake yi.

Malam Maƙeri:

Inna, sannu da aiki, kin warware,
Saura in buɗe muku cikin jita.

Wadda aka san shi da ita National ce,
Ƙarfe ne jikinta har bayanta.

1927 a Los Angeles,
John Dopyera ne ya ƙirƙiro ta.

Lokacin babu jitar lantarki a dandali,
Ƙahoni na danne ta, ba a jin ta.

Sai ya sa mazurarin alminiyam,
Siriri kamar takarda, a cikinta.

Ta farko uku ne, inci shida-shida,
Mai guda ɗaya inci 9 da rabi ne nata.

Jakin na zaune a ɗan faifan katako,
Bisa ƙoƙon mazurarin, tsakiyarta.

Nauyin tsirkiya ne kaɗai ke riƙe mazurarin,
Ba a manne shi da gam a gindinta.

Kada ka kwance shida a lokaci ɗaya,
Zai goce, ta yi karkarwa in ka buga ta.

Canza ɗaya ka ɗaure, ka ɗauki ta biyu,
Haka har shida, ka tsira da saitinta.

In ta faɗi, mazurari ya lotsa,
Sai dai sabo, guduma ba ta gyara ta.

Ƙanena Ɗan Kwalba, batun tsayin nan,
Milimita 3 a mataki na 12 ta wadata.

Kwalba ta wuce ba ta ƙwanƙwasa ƙarfe,
Yatsa ma ya danna bai jigata.

Hamonika rami 10 ce, harshe 20,
Hura da zuƙa, kowanne da nasa a cikinta.

In waƙa tana E, ɗauki mai A,
In tana G, mai C ce abokiyarta.

Don 'yan buluz sun fi dogara da zuƙa,
Rami na 2 a zuƙe shi ne tushenta.

Ja harshenka baya kamar za ka ce "ku",
Sauti ya sunkuya, nan ne daɗinta.

Rami na 3 ya fi kowanne zurfi,
Hawa uku yake sauka in ka iya ta.

Mai zuƙa da ƙarfi yana gajiyar da tagulla,
Harshen ya sauka, ya tsage, ka rasa ta.

Kurkure baki kafin ka fara busa,
In ka gama, bubbuga a tafi, ka shanya ta.

Mai Gurmi:

Yaya Maƙeri, banjon da Inna ta ɗauko,
Kakanninsa na nan Afirka, gaskiya.

Bayin da aka kwasa aka kai Karebiyan,
Su suka ƙera shi, fata a kan ƙwarya.

Akontin na Jolawa tsirkiya uku ne,
Ɗaya gajera ta yatsa, a Kasamans ta Senegal da Gambiya.

Ngoni na Mali, molo da gurmi namu,
Fata a fuska, dangi ne, zuriya ɗaya.

1999 Toumani Diabaté, makaɗin kora na Mali, ya amsa kira,
Suka zauna a Athens ta jihar Jojiya.

Bassekou Kouyaté da ngoni, Ballaké da kora,
Kassé Mady da Ramata suka ba da murya.

Lassana Diabaté ya zo da balafon,
Katako a jere, da duma a ƙarƙashin kowane ɗaya.

Kulanjan sunan faifan, tsohon take ne,
Uban Toumani, Sidiki, ya naɗa shi a baya.

A faifan 1970 na kora zalla,
Ɗa ya ɗauko gadon uba ya raya.

Kora 21 ce, 11 a hagu, 10 a dama,
Rabin duma ne da fatar saniya.

Yatsu huɗu ke kiɗa, manya da manuni,
Shida na riƙe sanduna, ba sa taɓa tsirkiya.

Kumbengo sunan zagayen da ba ya tsayawa,
Birimintingo ne adon da ke bin hanya.

Inna, kin ga maganarki ta fito a Mali,
Babban yatsa ƙasa, manuni na sama da murya.

Shi ya sa a kunnena wannan ya fi sauran,
Ba baƙo da mai gida ba ne, 'yan'uwa ne a inuwa ɗaya.

Ɗan Kwalba:

Inna, Yaya, na karɓi batun yatsa,
Amma ga wani ƙulli, a zo a matsa.

Buluz zagaye 12 yake tafiya,
Huɗu a gida, biyu a mataki na 5 a tsaya,

Biyu a gida, ɗaya na 7, ɗaya na 5 kuma,
Biyu a gida, sannan a sake komawa sama.

Kora sauti bakwai aka ɗaura mata,
Ba ta lanƙwasa, kowace tsirkiya da muryarta.

Kwalba kuwa tsakanin sauti biyu take zama,
In ta haɗu da balafon, wa zai sassauta, wa zai kama?

Baba Mai Faifai:

Ɗana, tsakanin sautin da kake faɗi,
1995 ya je masa da faɗi,
Mumtaz Mahal, faifai mai daɗi,
Da gwanaye biyu na Indiya, ba ka ji ba?

Vishwa Mohan Bhatt jita ya sauya,
Ya kwantar da ita bisa cinya,
Ravikiran ma zamiya yake a tsirkiya,
Duk 'yan gidanku ne, ba baƙi ba.

2005 Zanzibar ta yi kira,
Mkutano, da makaɗan tarab a jera,
Garayar Larabawa da goge na rera,
Banjo ya shiga, bai yi karo ba.

Grammy kuwa Señor Blues ya buɗe,
Na 1997, bayan an daɗe,
Shoutin' in Key na 2000 ya haɗe,
TajMo na 2017 bai faɗi ba.

2022 Ry Cooder ya dawo,
Get On Board suka zauna suka yo,
Waƙoƙin Sonny Terry suka ɗebo,
Da Brownie McGhee, ba su manta ba.

Wannan ma Grammy ta bi shi gida,
Shekara 58 bayan fara kiɗa
Tare a Kalifoniya, ka ƙidaya ka faɗa,
Ɗan Ry, Joachim, ke ganga, ba bare ba.

Malam Maƙeri:

Baba ya amsa rabi, ga sauran ƙullin,
Ga mai son haɗa kora da jita.

Balafon ake fara bi wajen ɗauri,
Don sassaƙa ce, ba a murɗa ta.

Kora ta bi shi, zobe-zoben fata
Ake turawa sama ko ƙasa a wuyanta.

Jita ce ƙarama a wannan zama,
Maɓalli shida, ita ke sauya murya tata.

Ɗaura D: D, A, D, F mai ƙari, A, D,
Maƙala kafo, ƙarfen matse wuyan jita, a mataki na 3, F ta samu kanta.

Nan yawancin kora ke zama,
In an sami saɓani, kunne ya daidaita.

Bayan kafo sake duba kowace tsirkiya,
Matsi na ɗaga sauti, ya ɓata ta.

Zagaye 12 ɗin nan, a rage masa yawo,
A daɗe a gida, kumbengo ya samu hanya tata.

In ka hau na 5 kora na ƙasa tana juyi,
Taɓa tsirkiya biyu kawai, kada ka cika ta.

Kwalba ta shiga inda mawaƙi ya numfasa,
Ta zame ta sauka kan sautin da kora ke da shi a jerinta.

Ta tsaya daidai bisa ƙarfen mataki,
Yatsa ɗaya a baya yana kashe ƙararta.